Tumbuɗi da rigima a bakin nono, yaro ɗan kwana 24

Amaryar Bara:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Don Allah ku taimaka min, kaina ya ɗaure. Haihuwar fari ce, ina wankan gida a ƙauyenmu ta wajen Gumel, yau kwananmu 24. Tun bayan suna da kamar kwana uku yaron nan ya fara tumbuɗi, kusan duk shan da zai yi sai ya dawo da wani abu, wani lokacin har ta hanci. Wannan ma da sauƙi. In na sa shi a nono sai ya kama da zafinsa, ya yi zuƙa biyar ko shida, sai ya ƙware, ya saki, ya banƙare yana kuka kamar an tsikare shi. In mayar da shi ya kama, ya sake saki. Daga la'asar zuwa bayan isha'i kuwa babu mai sakat a gidan. Jiya Gwaggo ta sa na tatsa a murfin kwano ta jefa tururuwa, tururuwar ba ta fito ba, ta ce nonona ne ba shi da kyau, a tsayar da shi a riƙa ba shi nonon akuya kafin a wanke min nawa da jiƙo. Baba kuma ya ce duk laifin maigidana ne da ya hana a cire masa beli. Ni dai tun daren jiya kuka nake.

Ummu Hanan:
Wa alaikumus salam. Barka da sauka lafiya, Allah ya raya mana. Ƙanwata share hawayenki, kukan mai jego ba ya jawo komai sai ciwon kai. Tumbuɗi ai kusan kowane jariri yana yi. Hanan sai da na ware mata tsofaffin zannuwa uku na goge-goge, kafaɗar rigar babanta kullum tsami take. A wajenmu ma cewa ake yaro mai tumbuɗi shi ne mai ƙiba.

Maman Sadiq Taura:
Tururuwa kuma? Ikon Allah, ashe har yanzu ana yi. Ni ma an yi min a ta fari. Sai ƙanena, shaƙiyyi, ya kamo wata ya jefa a nonon da aka sayo na fura, ita ma ta mutu a ciki. Ya ce to sai a bi Bafulatanar har ruga a wanke wa saniyar nono. Daga ranar ba a sake tayar da maganar ba.

Hajiya Kaka Ringim:
Ku dai yaran yanzu komai na manya abin dariya ne a wurinku. Gwaggon nan da kuke yi wa shaƙiyanci yara nawa ta raina? Ni goma sha ɗaya na haifa, tara suna raye, babu wanda ba a cire wa beli ba. Beli in ya yi tsawo yana taɓa maƙogwaro dole yaro ya yi ta amai. A kira wanzami, kafin ki daura ɗankwali an gama. Sannan ki aika kemis a sayo Gripe Water ki riƙa ɗiga masa, da asuba kuma ruwan ɗumi da ɗan zuma ya wanke masa ciki.

Sista Maman Biyu:
Hajiya ina wuni, a yi haƙuri da mu. Amarya, kafin a kira kowa amsa min waɗannan, yanzu na fito daga ɗakin haihuwa ina da ɗan lokaci. Tumbuɗin gangarowa yake ta gefen baki, ko feshi yake da ƙarfi ya faɗa nesa? Wane launi ne? Daga safiya zuwa safiya sau nawa yake jiƙa tsumma? Kashinsa fa? Jikinsa da zafi? Kilo nawa aka rubuta a katinsa ranar haihuwa? Na ƙarshe, kuma shi na fi so ki lura: lokacin da ya saki yana kuka, nonon ɗiga yake ko tsartuwa?

Amaryar Bara:
Anti sannu da aiki. Gangarowa yake, fari ne, wani lokacin guda-guda kamar kindirmo. Fitsari kam ban ƙirga ba amma igiyar shanya ba ta rabo da tsummansa, ya fi sau bakwai. Kashi sau huɗu ko biyar, ruwan ɗorawa, amma kwana biyun nan yana yin kore-kore da kumfa. Babu zazzaɓi. Kati an rubuta 3.1. Nonon kuwa tsartuwa yake kamar an huda ledar ruwa, shekaranjiya har idonsa ya fesa. Ɗayan ma zuba yake ya jiƙa min riga.

Sista Maman Biyu:
Alhamdu lillahi. To ki gaya wa Gwaggo cikin ladabi, nonon nan ba lalacewa ya yi ba, yawa ya yi.

Bari in fara da tumbuɗin. A inda hanyar abinci ta haɗu da tumbi akwai wani nama mai kama da zobe, aikinsa ya buɗe abinci ya wuce sannan ya tsuke. A jariri bai gama ƙwari ba, kamar zariyar wando ce da ba a ja ta sosai ba. Tumbin kuma ƙarami ne ƙwarai: ranar haihuwa cokalin shayi ɗaya ko ɗaya da rabi yake ɗauka, sai ya kai wata guda ne yake kai girman ƙwan kaza. Ga abincinsa ruwa ne zalla, ga shi kullum a kwance. Ki cika gora da ruwa, ki yi mata sako-sakon murfi, ki kwantar da ita, me za ki gani? Shi ya sa aƙalla jarirai 4 cikin 10 suke yi. Yakan fara kafin sati 8, ya fi yawa wajen wata 4, ya ragu in yaro ya fara zama, kuma 9 cikin 10 sun daina kafin shekara. Yawansa ma ido ne yake ruɗinmu. Ki zuba cokalin cin abinci ɗaya na ruwa a zani ki ga faɗin da zai yi, za ki rantse kofi ne.

Rigimar bakin nono kuwa, abin da kika faɗa ya yi kama da nono mai saukowa da ƙarfi. Yaron ba ƙin nonon yake ba, gudu yake daga ambaliya. Yana haɗiya da sauri yana haɗa iska, iskar ta taso ta turo nonon waje. Kuma in kina sauya masa ɓangare duk sanda ya saki, sai ya cika ciki da nonon farko mai ruwa-ruwa bai kai ga mai maiƙon da ke zuwa in nonon ya yi sauƙi ba. Wannan yakan kawo kashi kore mai kumfa da yawan tusa.

Hajiya Kaka Ringim:
Yau na ji sabon salo. A zamaninmu addu'a ake nono ya zo, yanzu kuma yawansa ne cuta. To belin fa? Kin tsallake shi.

Sista Maman Biyu:
Ban tsallake ba Hajiya, ina tahowa. Beli kowa da shi aka halicce shi, ni da ke magana nawa yana nan, kuma ba shi ke sa amai ba. Abin da nake gani da idona a wurin aiki shi ne yaran da ake kawowa bayan an cire: wani jini ya ƙi tsayawa, wani ya daina shan nono saboda ciwon wurin, wani ƙarfen ya sa masa tetanas, ciwon nan da ke sandarar da jariri ya kasa buɗe baki. Naki tara Allah ya tsare su, mun gode masa. Amma yaron da ke ƙwarewa da nono in aka ƙara masa rauni a maƙogwaro ai an ƙara wa Barno dawaki.

Zuma kuma ba a ba yaro sai ya shekara, tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da hanjin jariri ba ya iya kashewa, ta saki masa jiki har numfashi. Ruwa ma ba ya buƙata har wata 6, ko a tsakiyar bazara, don nonon uwa kusan kashi 87 cikin 100 ruwa ne. Nonon akuya kuwa gishirinsa da nauyinsa sun fi ƙarfin ƙodar ɗan kwana 24.

Maman Abba Gwaram:
Ni ba zan yi shiru ba, don kowa cewa yake ba komai. Ni ma haka aka yi ta ce min. Abba ɗan fari ne, namiji, yana sati uku da 'yan kwanaki ya fara. Aka ce tumbuɗi ne, ƙiba zai yi. Amma nasa in ya gama sha da kamar minti goma sai ki ga ya feso shi, ina zaune bakin gado yana sauka a kan tabarma can. Yana gamawa ya hau neman nono kamar bai taɓa sha ba. Muka yi sati biyu muna zarya wurin wani mai kemis, ya ba mu ruwan magani kala huɗu, yaro yana ta zubewa, fatar cinyarsa ta yi yaushi, maɗigarsa ta faɗa, fitsari sai sau biyu a wuni. Da muka je Birnin Kudu aka tura mu Asibitin Malam Aminu Kano, aka yi hoton ciki, aka ce naman da ke bakin fitar tumbi ne ya yi kauri ya toshe hanya. Sai da aka yi kwana biyu ana ƙara masa ruwa kafin a yi aiki. Yanzu yana aji uku, tabon ma sai kin duba da kyau. Amarya naki ma namiji ne ɗan fari, ki sa ido.

Amaryar Bara:
Innalillahi. Anti Sista ko shi ne? Wallahi jikina ya yi sanyi.

Sista Maman Biyu:
Maman Abba ta yi daidai da ta faɗa, kuma dalilin da ya sa tambayata ta farko ita ce feshi ko gangarowa ke nan. Ciwon da ta kwatanta yakan bayyana tsakanin sati 2 zuwa 8, ya fi kama maza kusan ninki huɗu, musamman 'ya'yan fari. Amma alamarsa ita ce aman yana ƙara ƙarfi kullum, fitsari da kashi suna raguwa, yaro yana ramewa. Naki yana cika igiya da tsumma. Sikeli ne zai raba gardama: kada ki jira rigakafin sati 6, gobe ko jibi ki kai shi asibitin sha-ka-tafi mafi kusa a ɗora shi. Jariri yakan koma nauyin haihuwarsa cikin sati 2, daga nan ya riƙa ƙara kamar giram 150 zuwa 200 kowane sati.

Ga waɗanda ba a kwana da su a gida, ko da tsakar dare ne a nemi mai babur: amai kore kamar ganye, amai ko kashi da jini, ciki ya kumbura ya yi tauri, jiki ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, yaro ya ƙi kama nono sam, ya yi laƙwas ba ya farkawa, numfashi sama-sama ko haƙarƙari yana lotsawa, maɗiga ta kumbura ko ta faɗa, jijjiga, ko shawara ta sauko har tafin hannu da ƙafa.

Ummu Khairat Bichi:
Ba a taɓo abincin uwa ba. Tawa 'yar haka ta yi ta kuka da tumbuɗi, ga ƙuraje masu ɓawo a kumatu da bayan kunne, ranar nan na ga zare-zaren jini da majina a kashinta. Likita ya ce in bar duk abin da ya fito daga saniya na sati uku mu gani: fura da nono, kindirmo, madarar shayi, har man shanu. Ni da nake shan fura safe da yamma! Cikin kwana goma yarinya ta canza. Da na koma sha don a tabbatar, kwana biyu abin ya dawo. Amarya me kike ci?

Amaryar Bara:
Kunun kanwa da safe, tuwo da miyar kuka da naman kai, fura da rana. Shayi kuma kofi uku ko huɗu saboda sanyi. Goro ma ina ɗan ci don barci yana ɗaukata ina shayarwa.

Hajiya Kaka Ringim:
To yanzu kuma furar za ku hana ta? Mai jego ba fura ba kunu, da me za ta yi nonon? Wannan kam ban yarda ba ko likitan Makka ne ya faɗa.

Sista Maman Biyu:
A nan ina bayan Hajiya. Abin da ya sami 'yar Ummu Khairat gaskiya ne, jikin wasu yara ba ya karɓar sinadarin nonon saniya da ke biyowa ta nonon uwa, amma kaɗan ne, kuma yakan zo da shaidunsa kamar yadda ta lissafa: jini ko majina a kashi, ƙuraje, ko rashin ƙiba. Babu ko ɗaya a nan, don haka sha furarki. Na sha ganin mai jego an hana ta wake, an hana ta yaji, an hana ta ƙwai, ta rame a banza yaro bai fasa tumbuɗi ba. Goro da shayi ne zan ce ki rage, abin da ke hana ki barci a cikinsu yana ratsawa nono, kuma jariri yana daɗewa bai fitar da shi daga jiki ba. Kanwa ba ruwanta da tumbuɗinsa, amma a sassauta hannu saboda ke, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura yawanta tare da zafin wankan jego yana wahalar da zuciyar masu jego.

Maman Sadiq Taura:
Ku tambaye ta hayaƙi. Hunturun nan ɗakin mai jego ka shiga ba ka ganin na kusa da kai: garwashi a kasko, turaren wuta, maganin sauro na kunnawa, taga a toshe da tsumma. Sadiq hancinsa ne ya toshe, jariri kuma da hanci yake numfashi in yana tsotso, sai ya saki ya ja iska ya yi kuka. Da muka fitar da kaskon muka koma gidan sauro ya samu sauƙi.

Gidan Sirrin Mata:
Assalamu alaikum, akwai haɗin jarirai na musamman, maganin tumbuɗi, ciwon ciki, kukan dare da haƙori, ana aikawa ko'ina a Kano da Jigawa. Mai so ta yi min magana ta gefe.

Ummu Hanan:
Baiwar Allah ba a talla a zauren nan, balle a kan ɗan kwana 24. Waɗanda suka manyanta sun tuna 2008, maganin haƙorin nan My Pikin, yara 84 aka tabbatar sun rasu a ƙasar nan saboda gubar da ta shiga cikinsa. Wancan ma daga kamfani ya fito da kwalinsa. Na goge saƙon, in ya sake dawowa da ke zan haɗa.

Maman Ikram Kazaure:
Sista ba a duba linzami? Tawa sai da aka gano harshenta a ɗaure yake.

Sista Maman Biyu:
Ana dubawa. Mai linzami ba ya iya fito da harshe ya rufe dasashi, sai ki ji yana ƙas-ƙas in yana sha, ya daɗe bai ƙoshi ba, kan nonon uwa ya tsattsage ya fito a lanƙwashe. In an je awo ma'aikaciya ta duba bakin, ta duba har da farin abin nan da ke manne wa harshe da cikin kumatu wanda ba ya gogewa, shi ma yana sa yaro ya ƙi tsotso don zafi. Amarya, yaya kike zama in za ki ba shi?

Amaryar Bara:
Anti kunya nake ji in faɗa. Ɗaki ɗaya muke da Inna da Gwaggo, ga 'yan barka ba sa yankewa. Sai in juya baya in sunkuya a kansa, in rufe mu da hijabi, ba na iya kallonsa a gabansu kada a ce ba ni da kara. Yana yin shiru nake miƙa wa Gwaggo, ita kuma ta ƙara ɗaure masa ƙyallen cibiya ta goya shi ko ta yi ta jijjiga shi.

Maman Sadiq Taura:
Ai ga ɓarawon nan an kama.

Sista Maman Biyu:
Allah sarki ƙanwata. Kin ga in kin sunkuya a kansa, nonon daga sama yake kwararo masa kamar indararo. Juya abin. Ki jingina da bango da filo biyu, ki kishingiɗa, ki ɗora shi a kan ƙirjinki cikinsa a cikinki, kansa ya fi gindinsa tudu, nonon ya zama hawa yake ba gangara ba. Ki jira ya wangale baki sosai, ya haɗa da baƙin da ke kewaye da kan nonon, haɓarsa ta taɓa nono. In kin ji saukowar nan mai tsartuwa ki zare shi, ki tare da tsumma har ta lafa, sannan ki mayar. Ki bar shi ya sauƙaƙa ɓangare ɗaya kafin ki miƙa ɗayan, in bai karɓa ba ki tatse kaɗan don kada ya yi miki tauri, kaɗan fa, yawan tatsa ƙara shi yake. Kada ki jira sai ya yi kuka, yana fara tsotsar hannu ki ba shi, mai yunwa da fushi ya fi haɗiyar iska. In ya gama a saɓa shi a kafaɗa minti 20 zuwa 30 ya yi gyatsa, ba goyo ba jijjiga. Wannan aikin ki ba Gwaggo, ta fi kowa iyawa. Ƙyallen cibiya a kwance shi, cibiya ta faɗi tuni, matse masa tumbi kawai yake. Kukan yamma kuma yana da nasa lokacin, yakan kai ƙarshen tsananinsa wajen sati 6 ya lafa a wata 3 zuwa 4.

Hajiya Kaka Ringim:
Kara dai gadonmu ce, ban ce a yar ba. Amma uwarki ai ita ma ta yi ɗan fari, ki ce mata kina son labule a ƙuryar ɗaki, ba za ta tambaye ki dalili ba. In za a kwantar da shi kuma a kifa shi rub da ciki, kada tumbuɗin ya koma masa ya shaƙe.

Sista Maman Biyu:
Shawarar labule ta fi duk abin da na rubuta Hajiya. Kifawar ce ba zan bi ki ba. Rub da ciki a ƙirjin uwa tana farke babu laifi, amma barci rigingine, a shimfiɗa mai tauri, ba filo. In yana rigingine hanyar iska ce a sama, ta abinci a ƙasa, abin da ya taso sai ya koma inda ya fito. Ingila a 1991 da Amurka a 1994 sun yi gangamin a daina kifa jarirai, mutuwar farat ɗaya cikin barci ta ragu da fiye da rabi.

Hajiya Kaka Ringim:
Su Ingila ai katifarsu ce mai laushi. Na dai ji.

Amaryar Bara:
Assalamu alaikum, na dawo da labari bayan kwana huɗu. Mun je awo jiya, kilo 3.9. Malamar ta duba bakinsa ta ce ba linzami, ta sa na shayar da shi a gabanta ta gyara min hannu. Inna ta ɗaura min zani a ƙurya da igiya ba ta ce komai ba, kaskon wuta kuma ya koma tsakar gida. Tumbuɗi yana nan bai fasa ba, ɗazu ma ya wanke wa Gwaggo mayafi, amma ƙwarewar ta ragu sosai, jiya sau ɗaya kawai ya saki da kuka. Na yamman ne har yanzu sai addu'a. Gwaggo ta ce jiƙon da ta ba ni ne ya gyara nonon, ni kuwa ban gaya mata a bayan ɗaki nake zubarwa ba.

Maman Abba Gwaram:
Ma sha Allah, giram 800! Hankalina ya kwanta. Amma ki ci gaba da ƙirga tsumman nan har ya wuce wata biyu.

Hajiya Kaka Ringim:
Barka. To wanzamin fa, an fasa ke nan?

Amaryar Bara:
Ya zo Hajiya, tun shekaranjiya da zabirarsa. Maigidana ya bugo daga Kano suka daɗe suna magana da Baba a zaure. Ƙarshe dai aski ya yi wa Baba ya tafi.